Kicin ɗin Hajiya Insaf Ya Fi Ta Tsawo

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ka sha shiga kicin neman ruwan sanyi ka tarar da matar da ta haife ka ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa, tana laluben gwangwanin gishiri da bakin ludayi. Ka buɗe firji, ka sha ruwanka, ka fita kana tambayar yaushe abinci zai sauka. Ka gani sarai, kau da kai ka yi. To haka mutanen wani gida a unguwar Muharram Bek ta birnin Iskandariyya a ƙasar Masar suka yi ta kau da kai har wata biyu cur, kuma dukkansu masu karatu ne, har da injiniya a cikinsu.

Injiniyan shi ne Wa'il, ɗa namiji tilo na Hajiya Insaf. Shekara shida ya yi yana aiki a Kuwait, da ya dawo sai ya rantse zai yi wa mahaifiyarsa abin da ba a taɓa yi wa wata uwa a layin ba. Ya lallaɓa ta ta tafi Damanhur wajen ƙanwarta ta yi mako biyu, ya kawo ma'aikata suka farfashe kicin ɗin da ta shekara talatin da huɗu tana girki a ciki. Da kafinta ya zo awo, ya tambayi inda za a kafa kabad, Wa'il ya miƙa hannu sama ya taɓa bango ya ce, "Nan." Ya tambayi tsayin teburin girki na dutse, Wa'il ya dafa ƙugunsa ya ce, "Nan." Wa'il kuwa dangin uba ya ɗebo, sai ya rage tsawo yake shiga ƙofar banɗaki. Hajiya Insaf ko da takalmin biki ba ta kai masa hammata.

Ranar da ta dawo, ya rufe mata ido da tafin hannu ya kai ta bakin ƙofa, maƙwabta sun cika falo. Da ya sake ta, sai ta ga farin dutse yana sheƙi, ga tayil mai ruwan toka har rufi, ga kabad ba mariƙi sai an danna yake buɗewa, ga murhun gas mai kai biyar an dasa shi cikin dutsen. Ummu Mina, maƙwabciyarta ta shekara talatin, ta rangaɗa guɗa har sau uku. Hajiya Insaf ta fashe da kuka, ta jawo kan ɗanta ƙasa ta sumbace shi, ta ce a gaban kowa, "Wallahi ko matar gwamna ba ta da irinsa."

Da wannan magana ta ɗaure kanta.

Washegari ta ɗora babbar tukunya, ta ga ba ta iya ganin cikin tukunyar. In za ta juya miya sai ta ɗaga gwiwar hannu sama da kunne, kafin albasa ta soyu kafaɗa ta riƙe. Tukwane, kayan ƙamshi, rariya, duk an jera su a kabad na sama saboda tsari. Ƙusoshin da take rataye ludayi da wuƙar yankan ganye sun tafi da tsohon bango, kuma Wa'il ya riga ya roƙe ta: "Mama, don girman Allah kada a buga ƙusa a tayil ɗin nan, daga Sifen aka kawo shi." Tabliyarta ma, ɗan gajeren teburin nan zagayayye da take zama a gabansa ta naɗe mahshi, wato shinkafa cikin ganyen kabeji, an haura da ita saman bene an jefa cikin tarkace.

Sai ta yi abin da ta saba yi da duk wani abu mai kyau. A falonta akwai nish, kabad ɗin gilashin da aka kawo ta da shi tana amarya, cike da kofuna da farantan da leɓe bai taɓa taɓa su ba. Kicin ya zama nish na biyu. Kullum da safe ta goge shi, in baƙi sun zo ta kai su su gani su ce masha Allah, ta ja ƙofa. Girki kuwa ya koma barandar baya, a kan ɗan gas mai kai ɗaya, tsakanin igiyar shanya da buhun albasa. Mijinta, Ustaz Ra'afat, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, kullum sai ya tsallake ta a nan in zai ba tsuntsunsa ruwa. Bai taɓa tambaya ba. A ransa ya yanke cewa iska take sha.

Murhu mai kai ɗaya tukunya ɗaya yake ɗauka. Abincin Juma'a na gidan Hajiya Insaf, wanda a da ake jin ƙamshinsa tun daga bakin titi, mahshin kabeji da mulukiya, miyar lalo irin tasu, da agwagwa da shinkafa, ya rame ya koma miyar ƙananan waken adas da soyayyen kifi na saye. Juma'a ta takwas, Wa'il ya ajiye cokali ya dubi uwarsa da irin tausayin nan da ya fi zagi ciwo.

"Mama, kin gaji."

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Abincin ne ya faɗa. Na yi miki kicin irin na talabijin, amma ƙarfin ne babu. Ba abin kunya ba ne. Juma'a mai zuwa mu yi ta bankwana a nan, daga ita sai a koma gidana a Sumuha. Shirin za ta riƙa girkawa, ke kuma ki zo ki zauna kamar sarauniya."

Shirin matarsa, wadda ke aiki a kantin magani kwana shida a mako, ta ƙware da ruwa.

"Yaron nan ya yi gaskiya, Hajiya," in ji Ustaz Ra'afat yana zare ƙayar kifi. "Shekaru ba sa ƙarya."

"Ji mai magana. Kai da ka ba ni shekara tara, kuma tabarau biyu kake sawa kafin ka ga kifin da ke gabanka."

Aka yi dariya, aka ɗauka magana ta ƙare. Ita kuwa ba ta yi dariya ba. Juma'a ce ranar da gidanta ke cika: 'ya'yanta mata biyu da mazansu, jikoki suna guje-guje a kan matakala, kowa yana kiran "Mama, ina cokali?" In aka ɗauke Juma'a, ta zama baƙuwa a gidan suruka, faranti a cinya, ana tambayarta ko a ƙara mata. Kalma ɗaya ce za ta cece ta, amma ta yaya uwa za ta kushe kyautar ɗanta, bayan ta rantse a gaban layi guda?

Ranar Talata da hantsi ta jawo kujerar falo, ta tattare riga, ta hau don ta sauko da babbar tukunyar mahshi. Tagar kicin ɗinta da ta Ummu Mina suna kallon juna, tazarar ba ta fi a miƙa wa juna tafarnuwa ba. Ƙafa ɗaya tana kan kujera, ɗaya tana neman dutse, sai ta ji an kwatsa mata tsawa.

"Insaf! Sauko! Sauko na ce, kafin ki karya ƙugu a ce a gabana aka yi!"

"Rufa min asiri, 'yar'uwa, rage murya."

"Asirin me? Wata biyu ina kallonki kina goge dutse kamar mai gadin gidan tarihi, hayaƙi kuma yana tashi ta baranda. Na ce bari in ga iya gudun ruwanki. Kicin ne ko kabarin waliyyi?"

"Yaron ya kashe dukiya, Ummu Mina."

"Ya kashe, Allah ya ƙara masa. Amma wa ya yi wa? Raƙumin dawa?"

Hajiya Insaf ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata har kujerar ta yi rawa. Ta sauko a hankali, ta jingina da taga, ta ba da labarin Juma'a. Ummu Mina ta buga ƙirji.

"Shirin? Yarinyar da ta tambaye ni ko ana wanke shinkafa da sabulu?"

"Kai, ƙarya kike mata."

"To na ƙara gishiri kaɗan. Ɗauko mayafinki, Manshiya za mu."

Suka hau tarago, ɗan jirgin ƙasa na cikin gari, suka sauka a kasuwar, suka kutsa lungun masu kayan kicin inda mutum biyu ba sa jerawa. Ummu Mina ce a gaba, tana taɓa komai tana kushewa. Suka ɗauki kwalabe masu jan murfi guda goma sha biyu, da kwanduna uku na kaba, da ledar tebur mai zanen lemun tsami, da ɗan gajeren labule mai ɗigo-ɗigo, da kujera 'yar tsugunno ta roba, shuɗiya shar. Hajiya Insaf ta ga wani agogon bango mai siffar tumatir, ta wuce shi, ta dawo, ta sake wucewa.

"Ɗauki abinki," in ji Ummu Mina. "Muni gare shi, amma ya yi miki."

A rumfar ƙarshe suka sami sandar ƙarfe mai ƙugiyoyi goma. Mai rumfar, wani mai gashin baki kamar tsintsiya, ya dube su da kayansu ya ce, "Masha Allah, amarya za a kai?"

"Ga ta nan a gabanka," in ji Ummu Mina. "Sai dai ka makara da shekara talatin da huɗu."

"Kaico, kullum haka nake. To Hajiya, wannan ba ta son ƙusa. Ga gam. Ki shafa, ki danna, ki karanta Ƙulhuwallahu uku, ki saki. Jaki ma in kin rataya zai zauna."

A hanyar dawowa suka tsaya wajen Ammu Fahim, tsohon kafintan da ke gyaran kujeru a ƙarƙashin benensu. Ummu Mina ta yi masa bayani. Ya ciro ma'auni daga aljihu, ya ce, "Tsaya nan, Hajiya. Miƙa hannu kamar kina juya miya. Sauke. Hau bulon nan. Yanzu fa?" Ya rubuta a tafin hannunsa. A duk aikin kicin ɗin nan, da injiniyansa da zane-zanensa da tayil ɗinsa na ƙetare, wannan tsoho mai haƙori huɗu shi ne mutum na farko da ya auna mai girkin. Kafin la'asar ya hau da wani dogon dandamali na katako, tsayinsa taƙi ɗaya, ya shimfiɗa shi a gaban murhu. Hajiya Insaf ta hau, ta leƙa cikin tukunya ta ga gindinta, ta ce, "Ashe haka take."

Ranar Laraba suka sauko da tabliya daga saman bene, suka wanke mata kashin tattabaru, suka lulluɓe ta da lemun tsami. Kusan duk abin da ke kabad na sama ya sauko: kayan ƙamshi cikin kwalabe a kan farin dutsen, albasa da tafarnuwa da dankali cikin kwanduna, tukwane a ƙasa. Na'a-na'a ta samu wuri a taga cikin gwangwanin man zaitun. Aka shafa wa sandar ƙarfe gam, Hajiya ta karanta Ƙulhuwallahu uku, Ummu Mina ta ƙara da nata addu'o'in na coci don kada a samu giɓi, aka rataye ludaya da rariya da mataci da wuƙar mulukiya.

Ranar Alhamis bayan azahar, Ustaz Ra'afat yana tsakiyar ƙailula, sandar ta faɗo da duk abin da ke jikinta. Ya fito a guje da takalmi ɗaya, yana tsammanin tarago ne ya shigo gidan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi tumatir a bango, ya dubi dandamali, ya dubi matarsa tana tsince ludaya. A karo na farko cikin wata biyu ya sa tabaransa ya dubi tsayin kabad ɗin, sannan ya dube ta.

"Wannan sai an huda bango," ya ce a hankali.

"Tayil ɗin Sifen ne."

"To ki gaya wa yaron."

"Kai ka gaya masa, ba ɗanka ba ne?"

"Ni? A'a. Tsakanin uwa da ɗa ba na shiga."

Haka dai. Mutumin da ya shekara arba'in yana kai wa mutane saƙo, saƙo ɗaya ya gagare shi a cikin gidansa. Amma ya durƙusa ya taya ta tsince cokula, kuma da yamma shi ya je kasuwa ya zaɓo agwagwa.

Ranar Juma'a, tun daga hawa na farko Wa'il ya ji ƙamshin da ya manta. Ya haura da sauri cikin farar jallabiyarsa ta masallaci, Shirin da yara a baya. Bai sami uwarsa a falo ba. Ya tura ƙofar kicin ya tsaya cak.

Kawunan murhu biyar duk suna ci. Hajiya Insaf tana zaune a kan shuɗiyar kujera a tsakiyar ɗaki, tabliya a gabanta, tana naɗe ragowar mahshi, kowanne kamar ɗan yatsa. Yayyensa mata biyu sun zauna a ƙasa suna taya ta. Sandar ƙarfe tana kwance a kan farin dutse, gam ya bushe a bayanta.

"Wa ya mayar min da kicin kasuwar Manshiya?" in ji Wa'il. "Mama, mene ne wannan? Roba? Leda? Wannan kuma tumatir ne ko agogo?"

"Duka biyun. Ka yi sallama tukuna."

"Mama, mai zane na biya ya tsara wurin nan. Komai yana da ma'ajinsa, ba a son a ga komai a waje. Wa ya kawo katakon nan? Wallahi na san aikin Ummu Mina ne."

"Ina jin ka, dogo!" aka amsa daga taga. "Barka da Juma'a!"

Hajiya Insaf ta ajiye ganyen kabejin da ke hannunta. Kowa ya taru a bakin ƙofa, surukai da jikoki da Ustaz Ra'afat a can baya yana leƙe. Ta dubi fuskar ɗanta, ta ga ba fushi ba ne kawai, ya ji ciwo. Wannan fuskar ce ta hana ta magana wata biyu. Ta ji tsohuwar amsar tana hawowa bakinta: ba komai, ɗana, gobe zan kwashe. In ta faɗe ta, Juma'a ta tafi Sumuha ke nan. Ta goge hannu a jikin riga, ta miƙe, ta ture dandamalin gefe da ƙafa.

"Zo nan. Durƙusa."

"Mama?"

"Durƙusa na ce. Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ya dubi jama'a, ya tattare jallabiya, ya sa gwiwa a ƙasa. Ta dafa kansa ta daidaita shi da nata, ta ce, "Ƙara sauka kaɗan. Yawwa. To yau kai ne ni. Je ka leƙa tukunyar can ka gaya min ko agwagwa ta nuna."

Injiniya ya ja gwiwa har gaban murhu. Ya miƙa wuya, bai ga komai ba sai gefen tukunya da tururi.

"Juya min miyar."

Ya ɗaga ludayi sama da kansa, ya juya sau uku a makance, romo ya fallatso masa a hannun riga. Yayyensa suka fara ƙyalƙyala.

"Ba a gama ba. Buɗe kabad ɗin can ka miƙo min farantin shinkafa."

Ya miƙa hannu iya tsawonsa, yatsunsa suka tsaya ƙasa da ƙofar. Ya yi yunƙurin tashi, ta danne masa kafaɗa.

"A'a. Ni ba ni da sauran tsawo a ajiye. Nan na ƙare."

Kicin ya kaure da dariya, har Ummu Mina tana dukan taga. Shirin ta riƙe ciki ta jingina da firji. Wa'il ne kawai bai yi ba. Yana nan a durƙushe, ludayi a hannu, yana duban ɗakin daga ƙasa kamar yau ya fara shigarsa.

"Wata biyu a ina kike girki?"

"A baranda."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Mama?"

"Kyautar ɗa ake kushewa? Kai me ya sa ba ka tambaya ba? Kicin ɗinka kyakkyawa ne, Wa'il, na faɗa a gaban mutane kuma ban janye ba. Nawa ne dai bai zama ba."

Ya miƙe tsaye. Sannan ya dubi sandar ƙarfen da ke kan dutse, ya juya wajen taga ya ce, "Inna Ummu Mina, injin huda bangon nan na mijinki Abu Mina yana nan?"

"Yana nan. Amma na ji an ce daga Sifen aka kawo tayil ɗin."

"Miƙo shi, don Allah, kada ki ƙara min."

Aka miƙo injin ta taga. Hajiya Insaf ta tsoma yatsa a cikin tumatirin gwangwani, ta tsaya a ƙasa ba a kan dandamali ba, ta miƙa hannu inda ya yi mata daɗi, ta ɗiga ja biyu a bango. Wa'il ya huda na farko lafiya. A na biyu tayil ya tsage tun daga ramin har kusurwa. Ya runtse ido.

"Bar shi," in ji ta. "Nan rariya za ta zauna, faɗi gare ta."

Da sanda ta kafu, ta ja ta da hannu biyu ta ji ba ta motsi, sai ta mayar da dandamali, ta hau, ta soya tafarnuwa har ta yi ja. Ta ɗaga kaskon a kan tukunyar mulukiya, ta ja numfashi da ƙarfi, "Haaah!" kamar yadda uwarta ta koya mata, ta juye. Ƙamshi ya buge kowa.

A wajen cin abinci ba mai magana sai ƙarar cokali. Can Shirin ta ɗago ta ce, "Ni dai in faɗa tun yanzu a gaban shaidu. In aka kai Juma'a gidana, taliya da ƙwai za ku ci har tashin ƙiyama."

"Ba inda za a kai ta," in ji Wa'il, bakinsa cike da mahshi. "Mama, akwai ƙari?"

"Akwai. Tashi ka ɗebo da kanka, yanzu ai ka san hanya."

To kai da ka gama dariya, saura kai. Kada ka je kanti, kada ka kira kafinta, kada ka nemi hoto a waya. Tashi ka shiga kicin ɗin gidanku, ka tsaya tare da wadda ke ciyar da kai har ta sauke tukunya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Sannan ka tambaye ta me ke wahalar da ita a ɗakin nan. Za ta ce ba komai. Sake tambaya, kuma kada ka fita sai ta nuna maka da yatsa. Abin da ta nuna, gyara shi yau.